Yadda Ake Kallon Tsuntsaye Masu Waƙa da Ɗaukar Hotonsu a Harabar Gida

Ƙaramin tsuntsu ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. Zai sauka a reshe, ya juya kai sau biyu, ya kaɗa wutsiya, kafin ka kai kyamara ido ya yi firr ya tashi. Wanda ya ce zai riƙa bin su daga wannan bishiya zuwa waccan da kyamara a hannu, yakan ƙare ne da hotunan ganye da wani ɗigon baƙi can a tsakiya. Hanyar da ke aiki ita ce ka gyara wuri ɗaya a harabar gidanka, ka san lokacin zuwansu da inda suke sauka, sannan ka zauna su same ka. Mafi yawan aikin ana gama shi tun ba a taɓa kyamara ba.

Mataki na farko: ka fara da ido da kunne

Ajiye kyamara tukuna. Ka ɗauki kamar mako guda kana fita da sassafe, tun gari bai gama wayewa ba, ka zauna wuri guda na rabin awa. A wannan lokacin ne mazan suka fi rera waƙa, suna shelar cewa wurin nan da mai shi, suna kuma kiran mata. Abin da kake nema ka sani shi ne: ta wace kusurwa suke shigowa, wane reshe suke fara sauka, ina suke gudu idan sun tsorata, kuma ƙarfe nawa kowane iri yake bayyana. Za ka ga suna da tsari fiye da yadda ake zato. Wanda ya hau kan katanga ya yi waƙa jiya da hantsi, da wuya ka rasa shi a wurin gobe.

A duniya akwai nau'in tsuntsaye kusan 11,000, fiye da rabinsu kuma daga rukuni ɗaya suke, wato masu kama reshe da yatsu uku a gaba, ɗaya a baya. Masu waƙar nan, irin su kanari da gwara da kabare da tsattsewa, duk a ciki suke. Muryarsu ba daga saman maƙogwaro take fita ba kamar tamu. Can ƙasa take fitowa, daidai inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare na iya yin nasa sautin, har wasu su fitar da sauti biyu a lokaci guda. Waƙar ma koyonta suke yi daga manya tun suna ƙanana, don haka maganar da ake yi cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi gaskiya ce tsantsa: nau'i ɗaya, amma na wannan yanki waƙarsa na iya ɗan bambanta da ta na wancan.

Wajen gane ko wane tsuntsu ne, kada ka fara da launi, domin launi yana yaudara. Mace sau da yawa ba ta da ado irin na namiji, ƙanana ba su kama da iyayensu, wasu mazan kuma sukan sauya gashi gaba ɗaya idan lokacin sheƙa ya wuce. Fara da girma: ya kai gwara, ko ya kusa kurciya? Sai baki. Gajeren baki mai kauri na mai fasa tsaba ne, siriri mai tsini na mai cin ƙwari ne, dogo mai lanƙwasa kuwa na mai shan zaƙin fure. Sai tafiya: tsalle yake yi ko taku? Shi kaɗai yake zuwa ko cikin gungu? Bayan wannan ne za ka duba zanen ido, da na fiffike, da tsawon wutsiya. Rubuta a ɗan littafi nan take, kafin ƙwaƙwalwa ta ƙara wa abin gishiri.

Tabaron hangen nesa yana canza kallon gaba ɗaya. Wanda aka rubuta wa 8x42 ya fi dacewa da mai farawa: 8 ɗin na nufin yana jawo abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai jawowa sau 12 ko fiye yana rawa a hannu, kuma filin da yake nunawa ya yi ƙunci. Saita shi sau ɗaya: rufe gilashin dama, ka murza maɓallin tsakiya har idon hagu ya ga abu tar, sannan ka rufe na hagu ka murza ɗan zoben da ke jikin na dama har shi ma ya daidaita. Idan ka hango tsuntsu, kada ka sunkuyar da kai neman tabarau. Kafe shi da ido, ka ɗago tabaron zuwa fuskarka.

Mataki na biyu: ruwa

Da a ce abu ɗaya kawai za ka iya yi, ni dai ruwa zan ce ka sa. Tsaba masu cin tsaba kaɗai take jawowa, ruwa kuwa kowa yana buƙatarsa, har masu cin ƙwari da ba za su taɓa kallon mazubin abinci ba.

Nemi kasko mai faɗi marar zurfi, wanda cikinsa ba ya santsi. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5 a tsakiya, gefe kuma ya zama kamar santimita 2, domin ƙaramin tsuntsu a tsaye yake wanka, ba iyo yake yi ba. Jefa duwatsu biyu ko uku waɗanda kansu ya fito sama da ruwa. Ajiye kaskon a inda inuwa take samunsa da rana tsaka, kamar mita 2 zuwa 3 daga wata bishiya ko shuka mai duhuwa. Wannan tazarar tana da dalili: tsuntsun da ya jiƙe ba ya tashi da sauri, yana son mafaka kusa idan shaho ya gifta, amma idan duhuwar ta manne da kaskon ka gina wa kyanwa wurin kwanton ɓauna ne.

Akwai dabara ɗaya mai sauƙi da ke ninka baƙi. Huda gindin gorar roba da allura, ka cika ta, ka rataye a saman kaskon tana ɗiga ɗis, ɗis. Ƙarar ɗigon da ƙyallin ruwan da ke motsi suna kiran tsuntsun da ke wucewa ta sama, wanda da ruwan a kwance yake ba zai lura da shi ba.

Ka riƙa zubar da ruwan kullum ko bayan kwana biyu, ka goge kaskon da buroshi. Sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa babba cikin kamar mako guda idan ana zafi, kuma ruwan da kashin tsuntsu ya taru a ciki hanyar cuta ce. Kada ka karaya idan kwanakin farko ba wanda ya zo. Sabon abu sai sun ɗauki lokaci suna leƙensa daga nesa, ranar da ɗaya ya yi ƙarfin hali sauran za su biyo.

Mataki na uku: abinci, da tsaftar da ke tafe da shi

Ƙananan tsaba irin gero, da irin sanfulawa (furen nan mai bin rana) baƙi mai mai, su ne aka fi amfani da su a ko'ina. Yankakken ɗan itace da ya nuna yana jawo masu cin 'ya'yan itatuwa. Kada ka ba su burodi, yana cika ciki ba ya gina jiki, haka duk wani abu mai gishiri. Tsabar da ta jiƙe ta yi funfuna kuwa a zubar, domin tana iya ɗaukar dafin da ke lalata hanta. Zuba kaɗan, gwargwadon abin da za su cinye a yini, don kada ragowar ta gayyato ɓeraye da dare.

Tara tsuntsaye a wuri ɗaya amana ce. A Birtaniya, tun daga shekarar 2005 wata cutar maƙogwaro mai suna tirikomonosis ta yaɗu tsakanin tsuntsayen da ke zuwa mazuban abinci, ta kuma rage yawan wani koren tsuntsu dangin kanari ƙwarai da gaske. Wanda ya kamu ba ya iya haɗiya, sai ya tofar da tsabar da yawunsa a jiki, na bayansa ya zo ya ɗauka. Saboda haka ka wanke mazubin duk bayan mako biyu: awo 1 na bilic a cikin awo 9 na ruwa, a jiƙa na minti 10, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe ƙayau. Idan ka ga wani ya takure, gashinsa ya tashi buzu-buzu, ba ya gudu ko ka matso, ka kwashe abinci da ruwan gaba ɗaya na aƙalla mako biyu, su watse.

Abin da ya fi mazubi ɗorewa shi ne shuka. Itatuwa da ciyayin da asalinsu na yankinka ne suna kawo ƙwarin da tsuntsayen wurin suka saba ci, kuma yawancin masu cin tsaba ma da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu. Wanda yake feshin maganin ƙwari a lambunsa kowane mako, ya sani abincin baƙinsa yake kashewa.

Taga da kyanwa

Kafin ka gayyaci kowa, dubi tagoginka daga waje. Tsuntsu ba ya ganin gilashi, hoton bishiya da sararin sama yake gani a ciki, sai ya nufe shi da gudu. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa tsuntsaye tsakanin miliyan 365 da miliyan 988 ke mutuwa duk shekara a Amurka ta hanyar karo da gine-gine. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce mazubi ko kasko ya kasance ƙasa da mita 1 daga taga, inda tsuntsu bai sami damar ɗaukar gudu ba, ko kuma ya wuce mita 10. Idan dole yana tsakiya, ka manna ɗigo-ɗigo ko layuka a wajen gilashin, tazararsu kada ta wuce santimita 5. Sitika ɗaya a tsakiyar taga ba ta hana komai. Kyanwa kuwa ta fi taga ɓarna: an ƙiyasta a 2013 cewa kyanwoyi na kashe fiye da tsuntsu biliyan 1 a shekara a Amurka kaɗai. Idan kana da ita, ka tsare ta a ɗaki da safe da yamma.

Mataki na huɗu: reshen da za su sauka

A nan ne hoto yake haɗuwa, don haka a tsaya a yi shi da kyau. Lura da yadda tsuntsu ke zuwa ruwa. Ba ya faɗowa kai tsaye. Zai fara sauka can sama ya leƙa, ya sauko reshe na tsakiya, ya karkata kai ya dubi sama da ido ɗaya, sannan ya tsaya a wani abu da ke dab da kaskon na daƙiƙa biyu ko uku kafin ya dira. Wannan tsayuwar ta ƙarshe ita kake so, kuma kai ne za ka zaɓa masa inda zai yi ta.

Samo reshe mai kyan gani, siriri daidai yadda yatsunsa za su zagaye shi. Katon gungume yana haɗiye ɗan tsuntsu a hoto. Ɗaure reshen a jikin sanda, kamar taki ɗaya ko biyu daga kaskon, ya ɗan fi shi tsawo, ka kuma kawar da sauran abubuwan da za su iya sauka a kai kusa da wurin. Idan mazubinka na da ƙofofi da yawa, toshe wasu na ɗan lokacin da kake ɗauka, sai su yi layi a kan reshen suna jiran juna. Ka riƙa sauya reshen lokaci zuwa lokaci, don kada hotunanka duka su zama iri ɗaya.

Yanzu je ka tsuguna a inda za ka zauna, ka dubi abin da ke bayan reshen. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Bango, igiyar shanya, bokiti, duk za su fito. Kana son ganye ko inuwa da ke nesa, mita 4 ko fiye a bayan reshen, domin iya nisan bayan, iya yadda zai narke ya zama launi ɗaya mai laushi, tsuntsun ya fito shi kaɗai. Matsar da sandar taki biyu kawai na iya raba hoto mai kyau da na banza.

Tsawon reshen ya zo daidai da idonka idan kana zaune. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa ciki da gindin wutsiya yake nunawa, wanda aka ɗauka ido da ido kuwa shi ke sa mai kallo ya ji kamar ya san tsuntsun.

Sai haske. Rana ta kasance a bayanka, inuwarka tana nuna reshen. Awa biyun farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta su ne mafi kyau, hasken yana zuwa a kwance, yana shiga ƙarƙashin fiffike, yana kuma sa wa ido ɗan ƙyalli. Da tsakar rana inuwa ke rufe fuska, farin gashi kuma ya ƙone. Ranar da gajimare ya rufe sama ba asara ba ce, launuka sukan fito da kyau ainun, sai dai hasken ya yi ƙaranci. Idan da safe za ka riƙa ɗauka, ka zauna ta gabas da reshen.

Mataki na biyar: inda za ka zauna

Motsi ne ke korar tsuntsu. Idanunsa na gefen kai, yana ganin kusan ko'ina, kuma ɗaga hannu farat ɗaya ya isa. Zauna kamar mita 4 zuwa 6 daga reshen, da tufafi marasa haske, kyamara tana kan mazauninta mai ƙafa uku, ta riga ta fuskanci reshen, yatsanka a kan maɓalli. Tsohon zane mai duhu da aka rataya aka huda masa ƙofa ya isa maɓoya, ka bar shi a wurin kwanaki su saba da shi. Ɗakinka ma maɓoya ne: buɗe taga, ja labule, ka bar tsaga. Idan dole ta cikin gilashi za ka ɗauka, goge shi, kashe fitilar ɗaki, ka manna bakin kyamara a jikinsa a miƙe, ba a karkace ba.

Mataki na shida: saitin kyamara

Gilashin kyamara mai milimita 300 shi ne mafi ƙaranci ga waɗannan ƙananan, 400 zuwa 600 ya fi. Amma kusanci ya fi tsadar kaya, kuma ai don shi ka yi duk shirin baya.

Saurin ƙiftawar kyamara, wato ɗan lokacin da take buɗewa haske ya shiga, shi ne kan gaba. Juya maɓallin zaɓen tsarin ɗauka zuwa S, ko Tv a kyamarar Canon, ka sa 1/1000 na daƙiƙa ga wanda ke zaune a reshe, domin ko a zaune kansa ba ya daina motsi. Ga mai wanka ko mai tashi, 1/2000 zuwa 1/4000. Ƙofar haske, wadda ake nuna faɗinta da lambar f, ta tsaya tsakanin f/5.6 da f/8. Idan tsuntsun na kusa sosai f/8 ta fi, don baki da wutsiya su fito tare. Bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ta zaɓi kanta, kada kuma ka ji tsoro idan ta hau 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi ba shi da magani.

Sa fokas, mai daidaita inda hoto zai fito tar, a kan mai bin motsi, wato AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon, ka ɗora shi a kan ido. Idan ido ya fito tar, ana yafe wa sauran jiki. Idan bai fito ba, hoton ya tafi. Sababbin kyamarori da yawa suna gane idon tsuntsu da kansu, ka kunna wannan idan taka na da shi. Kafin kowa ya zo, saita fokas a kan reshen, don kada kyamara ta tsaya lalube. Kunna ɗauka a jere, ka riƙa sakin uku zuwa biyar a lokaci guda, ka kashe ƙarar maɓalli da filasha. Idan bayan tsuntsun farin sama ne, ƙara haske da +1 ko fiye, in ba haka ba zai fito baƙi ƙirin. Idan kuwa fari ne ko rawaya a cikin rana, rage kaɗan.

Mai waya ma yana da hanya. Jawowa da yatsu biyu galibi yanke hoton kawai take yi, don haka gara ka kafa wayar kusa da kaskon, ka koma nesa kana latsawa da ɗan rimot na Bluetooth. Ko ka bar ta tana ɗaukar bidiyo na 4K, daga baya ka ciro hoton da ya yi maka, kowane ɗaya ya kai kusan megafiksel 8. Ana kuma ɗora idon wayar a bakin tabaron hangen nesa, da ɗan maƙalin da ake sayarwa don haka.

Mataki na bakwai: lokacin latsawa

Idan na farko ya sauka, kada ka taɓa komai. Bar shi ya sha ya tafi. Wanda aka bari ya sha lafiya zai dawo, ya jawo wasu. Daga baya ka jira ya juyo da kai wajenka kaɗan, hasken ya kama idon, sannan ka latsa.

Bayan wanka ne ake samun abin kallo. Zai tsoma kai, ya karkaɗa fukafukai ruwa na fallatsa ko'ina, ya fito jagab ya koma reshe. Can zai girgije, ya kumbura ya ninka girmansa, ya kai baki gindin wutsiya ya ɗebo mai daga wata 'yar jaka da ke wurin, ya riƙa jan gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya ta cikin bakinsa. A wannan lokacin hankalinsa na kan gyaran jiki, yakan daɗe a wuri guda. Mai waƙa kuma kafin ya fara yakan miƙe, ya ɗaga baki, gashin maƙogwaronsa ya tashi, har wutsiya na rawa. Mai shirin tashi yakan ɗan duƙa, sau da yawa ya yi kashi. Idan ka san waɗannan alamu, yatsanka zai riga shi.

Abubuwan da hoto bai kai a yi dominsa ba

Kada ka riƙa kunna waƙar tsuntsu a waya don ya fito. Yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa, ya bar ciyar da 'ya'ya ya zo faɗa da wanda babu shi. Sheƙa kuma a bar ta. Yawan zuwa wurinta na sa iyaye su ƙaurace, yanke ganyen da ya rufe ta kuwa nuna wa hankaka da maciji hanya ne. Idan ka ga ɗan tsuntsu a ƙasa da gashinsa cikakke yana tsalle, ba maraya ba ne, iyayen na kusa suna ciyar da shi; kawar da kyanwa kawai ka ba shi wuri. Wanda bai yi gashi ba, idan kana ganin sheƙar, mayar da shi, iyayen ba za su ƙi shi don ka taɓa ba. Tarko da keji kuwa ba su da wuri a wannan harka ko kaɗan.

Bayan an ɗauka

Zuba hotunan a kwamfuta, ka buɗe kowanne ka duba idon, wanda bai fito ba ka goge ba tare da tausayi ba. Wajen yankewa ka bar fili a gaban bakin tsuntsun, ta inda yake kallo, kada kuma ka cika masa launin da ba nasa ba.

Wanda ya gagare ka ganewa, manhajar Merlin Bird ID, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka ta fitar a 2014, kyauta ce, tana gane tsuntsu daga hoto, tun 2021 kuma tana sauraren waƙa. Tana yin kuskure, kuma ƙwarewarta a sauti ta fi ƙarfi a wasu yankunan duniya fiye da wasu, don haka ka gwada amsarta da abin da ka rubuta a littafinka. Abin da ka tabbatar kana iya shigar da shi a eBird, rumbun da aka buɗe a 2002, inda masana ke amfani da rahotannin mutane wajen bin ƙaura da raguwar tsuntsaye. Kowace Fabrairu kuma ana ƙidayar kwana huɗu ta tsuntsayen harabar gida, wadda aka fara a 1998 aka buɗe wa duniya duka a 2013. Abin da ake buƙata minti 15 ne a wuri guda: ka rubuta ranar, da lokacin da ka fara, da kowane nau'in da ka gane, da adadi mafi yawa da ka gani a lokaci ɗaya, don kada ka ƙirga tsuntsu guda sau biyu.